Ranar da Ta Ƙi Faɗuwa a Hanyar Sao Paulo

Addis Ababa

Azumi na da kwana tara na yi sahur a wani masauki a Addis Ababa, da burodi da shayi da wata miyar wake mai tsami da ban san sunanta ba. Jiya da rana na taso daga Kano, muka yi awa huɗu da 'yan kai a sama, aka kwashe mu zuwa masaukin mu jira jirgin safe.

Sunana Mannir. Malamin dabbobi ne ni a Batsari, amma asalinmu Tsaskiya, cikin ƙasar Safana, inda mahaifina, wanda muke kira Baffa, yake da gona da ɗan abin da ya rage na garkenmu. Tun da daji ya lalace, shiga dajin Rugu da shanu ya zama sai labari. Kiwo ya dawo bakin gari, bakin gari kuwa ba ya riƙe saniya daga ƙarewar kaka zuwa faɗuwar ruwa. Shi ya sa da aka ce ana neman wanda za a tura Brazil wata shida ya koyo yadda ake shuka ciyawa a killace shanu, na cika takarda ba tare da na sa rai ba. Sunana ya fito. Biza ta makara, har an fara karatun da mako guda, aka rubuto mini cewa in ban isa ranar Litinin da safe ba, gurbina ya tafi ga wani. Ranar da nake sahur ɗin nan Asabar ce.

An bar mini sayen tikiti a hannuna, wani abokin aiki ya haɗa ni da wani mai shagon tikiti a Katsina. Takardar da ya ba ni layi uku ce: Kano zuwa Addis Ababa, Addis Ababa zuwa Sao Paulo, sai Sao Paulo zuwa Campo Grande, garin da gonar koyon take kusa da shi. A layi na biyu an rubuta tashi ƙarfe goma saura na safe, sauka ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na yamma. Na ɗebe wannan daga wancan.

Na ce, "Alhaji, awa shida da rabi ke nan?"

Ya ce, "Ka ga dai an rubuta. Kafin ka gama gyangyaɗi kun sauka."

Limamin unguwarmu ya ce mini matafiyi Allah ya yi masa rangwame, in sha in rama bayan salla. Na ce to. Amma a raina na ce wanda ya saba yi wa shanu allura daga Karare zuwa Batsari a kan babur, cikin zafin bazara, da azumi a bakinsa, zaman awa shida cikin sanyi ba zai kayar da shi ba. Na ɗaura niyya.

A sama

Kujerar taga aka ba ni. Kusa da ni wata tsohuwa ce mai farin gashi, ta ɗaure shi a ƙeya. Ta ce sunanta Dona Selma, malamar firamare ce da ta yi ritaya, ta je Kenya ganin 'yarta tana komawa gida. Turancinta kaɗan ne, nawa ma ba na a zo a gani ba ne, sai muka dace.

Da aka kawo abinci na ɗaga hannu na ce a'a. Ta dube ni. Na nuna bakina, na nuna rana ta taga, na ce, "Ramadan." Ta gyaɗa kai, ta yi wa mai rabon abincin magana, sai na ga an ajiye mata tire biyu. Na ce a raina tsohuwar nan akwai ci. Na juya ga taga.

Duwatsun Habasha muka fara wucewa, sai wani kurmi kore shar da koguna suka ratsa shi kamar jijiyoyin bayan hannu, sai gajimare. Da gajimaren ya yaye, babu ƙasa, sai teku. Teku daga sama ba shi da abin kallo, shuɗi ne kawai da ba ya ƙarewa.

Na yi azahar a zaune da agogon hannuna, wanda na gyara a Addis Ababa. Ƙarfe huɗu na yi la'asar, na ɗaure takalmi, na gyara hula, ina jiran a ce mu ɗaura ɗamara za a sauka. Ba a ce ba. Huɗu da rabi ta wuce, biyar ta wuce. Aka sake kawo abinci, Dona Selma ta sake karɓar biyu. Da agogona ya nuna shida da rabi, irin lokacin da a Batsari matata Hajara kan jera kofunan kunun buɗa-baki a tabarma, na ɗaga murfin taga. Rana na nan tsaye a sama, fara tas, kamar ta azahar ranar kasuwa.

Abin da ya fara zo mini shi ne direban jirgin ya ɓata hanya a kan ruwa, ana ɓoye mana. Na duba mutane, kowa na barcinsa ko kallonsa. Na taɓa hannun kujerar Dona Selma, na nuna mata takardata, na nuna agogo, na nuna rana.

Ta sa tabarau ta karanta, sai ta yi ɗan murmushi irin na malamar da ta sha ganin wannan kuskuren. Ta kunna allon da ke bayan kujerar gabana, wanda tun da muka tashi ban taɓa ba. Taswira ta fito, ga ɗan jirgi a tsakiyar shuɗi, Afirka a bayansa, wata ƙasa can gabansa. A ƙasan taswirar an rubuta nisan tafiyar duka, kusan kilomita dubu goma, da abin da ya rage mana, awa huɗu.

Ta ɗauki dunƙulen burodi daga tirenta, ta kunna 'yar fitilar da ke saman kanmu, ta riƙe burodin a ƙarƙashinta tana juya shi a hankali.

Ta ce, "Wannan duniya. Wannan rana. Rana tana tafiya yamma, mu ma yamma. Muna bin ta." Ta ɗora yatsa a agogona. "Wannan na Addis." Ta ɗora a takardar. "Wannan na Sao Paulo. Tsakani, awa shida."

Na san wannan tun ina aji biyu a sakandare, har na ci shi a jarrabawa. Amma sanin abu a allo daban, saninsa a maƙogwaro daban. Tafiyar awa goma sha biyu da rabi ce. In mun sauka ma sai na ƙara jiran kusan awa biyu kafin rana ta faɗi. Nisan kuwa na gwada auna shi da abin da na sani, na ga kamar mutum ya yi Batsari zuwa Katsina ne sau kusan ɗari biyu, sai na daina lissafin. Na kuma gane la'asar ɗin da na yi ban yi ta a kan lokaci ba, sai na jira rana ta karkata na sake.

Dona Selma ta miƙo mini ruwa. Ta ce, "Kaɗan. Allah ba zai yi fushi ba."

Gaskiyarta, abin da liman ya faɗa ke nan. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, leɓena ya tsage, kaina na sara. Amma na girgiza kai. Yanzu in na tuna, na san ba tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni ba, har da taurin kai irin na gidanmu. Ba ta matsa ba. Ta jiƙa ɗan ƙyalle ta ba ni na ɗora a goshi, ta rufe mini tagar.

Da muka sauka kowa ya miƙe yana jan kaya, sai ta ciro wata leda daga ƙarƙashin kujerarta ta sa mini a hannu. Burodi ne da biskit da cuku da kwalin lemo da robar ruwa biyu, duk abin da ba ya lalacewa daga tire biyun da na ƙi karɓa.

Ta ce, "Naka ne. In rana ta faɗi."

Kunya ta hana ni dubanta sosai. Na yi ta godiya da Turanci da Hausa. Layin 'yan ƙasa daban, na baƙi daban, a nan muka rabu.

Sao Paulo

Na wuce wajen duba fasfo lafiya, na ɗauki akwatina, na bi alamu har kantar jirgin Campo Grande. Tafiyar ba ta cika awa biyu ba, na ce in Allah ya so a can zan kwana. Yarinyar da ke kantar ta danna na'ura, ta sake dannawa, ta girgiza kai. Ta kira wani mai jin Turanci.

Ya ce, "An kama maka kujera, amma ba a biya ba. An soke ta tun kwanaki."

Na ce ya sake dubawa. Ya sake, ya juyo mini da allon in gani da idona. Na koma gefe na kira mai shagon tikiti. Ya ɗauka.

Ya ce, "Ikon Allah. Matsalar na'ura ce, Malam Mannir. Ba ni minti biyar."

Bayan minti biyar wayarsa a kashe. Ban sake jin muryarsa ba har yau. Na tambayi sabon tikiti, aka faɗa mini abin da zai cinye guzurina gaba ɗaya, kuma babu kujera sai Talata.

Na ja akwati na zauna a ƙasa jikin wani bangon gilashi. Ban iya tunanin komai ba. Ina dai kallon ranar nan da muka taso tare tun Habasha, ta yi ja, tana sauka bayan wasu gine-gine a hankali kamar ba ta so. Daga sahur zuwa lokacin, awa goma sha tara ke nan.

Wani dogon mutum baƙi, siriri, da carbi a wuya, ya zo ya tsaya kusa da ni. Shi ma ranar yake kallo, yana duba wayarsa. Da ta ɓace na ga leɓensa na motsi, amma hannunsa babu komai. Na buɗe ledar Dona Selma, na yi bisimilla na kurɓa, na miƙa masa ɗaya robar. Ban san wane yare zan yi masa ba, gajiya kuma ta sa bakina ya koma na gida. Na ce, "Ndiyam." Haka muke kiran ruwa da Fulatanci.

Ya tsaya da robar a hannu. Ya ce, "Pullo?"

Na ce e, Bafulatani ne ni.

Ya sha ruwan, ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Sunansa Samba, mutumin Futa ne a Senegal. Ya rako wani abokinsa ne da zai koma gida, cunkoson hanya ya sa magariba ta riske shi a nan. Fulatancinsa da nawa sun yi nisa da juna, sai mun maimaita, wani lokaci sai da hannu, amma sunan ruwa da nono da saniya da uwa duk ɗaya ne. Muka raba burodin da cukun. Muka shimfiɗa rigarsa ta sanyi a wani lungu muka yi magariba, ya tura ni gaba.

Bayan mun idar na nuna masa takardar, na ba shi labari. Bai zagi mai shagon ba, bai ce kaico ba. Ya ce, "Campo Grande, jirgi awa biyu. Mota awa goma sha huɗu, ko sha biyar. Yau Asabar. Tashi."

Ya ɗauki akwatina a kafaɗa. Muka shiga bas, muka shiga jirgin ƙasa, muka sake wani, har wata tashar mota da ta fi kasuwar Batsari girma. Shi ya yi magana a wajen yankar tikiti. Ya karɓi lambar gonar ya kira, ya yi musu bayani da yaren ƙasar, ya rubuta wani abu a takarda ya ce in nuna wa direba. Ya kai ni wajen wata mai abinci da ya ce ya san wanda ke yanka mata kaji, ya saya mini shinkafa, ya hana ni sa hannu a aljihu.

Muna jiran mota ya ce, "Shanu nawa suka rage muku?"

Na ce, "Ka san ba a faɗa."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Ya ce gwada ni ya yi. Ya ce shekararsa goma sha ɗaya yana sayar da tabarau da agogo a bakin titi, rabonsa da ya taɓa saniya tun ranar da ya bar gida.

Ya ce, "In ka je can, ka shafa mini wuyan guda."

Na ce insha Allahu. Ya tsaya har motar ta tashi.

Hanyar mota

Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Na farka gari ya waye, muna ratsa gonakin rake da ba a ganin ƙarshensu. Ranar ban ɗauki azumi ba, na karɓi rangwamen da aka ba ni tun farko. Wajen hantsi gonakin suka ƙare, sai fili da ciyawa, sai na ga shanu. Farare ne masu tozo, kamar namu sak, sai dai ƙahonsu gajere. Suna nan birjik a bayan shingen waya, ba makiyayi, ba sanda, ba kare. Duk wahalar jiya ba ta sa ni kewar gida ba sai a nan. Na jingina goshi da gilashi ina neman wata mai kama da Ɗanwake, saniyar Inna mahaifiyata, har idona ya gaji.

Bayan azahar muka isa. Direban ya duba takardar Samba, ya nuna mini wani mutum mai faffaɗar hula da ke tsaye jikin wata tsohuwar mota. Litinin da safe ina cikin aji.

Campo Grande

Mai faffaɗar hular nan shi ne Antoniyo, dattijon da ke kula da shanun gonar, kuma a hannunsa aka sa ni. Ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya. Da safe aji, da rana ina bayansa. A wajensa na koyi yadda ake raba fili gida-gida, shanu su ci wannan su bar wancan ya huta, da yadda ake yanka ɗanyar ciyawa da karan dawa a danne a rami a rufe, a buɗe da rani a iske ta da ɗanyenta. Ranar farko na shafa wuyan wata saniya na ce mata wannan na Samba ne. Antoniyo ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa.

Wakensu da naman alade suke dafa shi. Kwana uku ina cin shinkafa gaya, sai matar Antoniyo ta lura. Daga ranar ta ware mini 'yar tukunya, ta ɗaura mata jan zare a hannu don kada a haɗa. Ƙaramar salla ta zo mini ranar aiki. Na sa sabuwar rigar da Hajara ta ɗinka mini, na yi raka'a biyu a ɗaki, na cire ta na sa kayan aiki. Da damina ta faɗi a gida, mu a can sanyi ne ya shigo.

Tsakanina da Tsaskiya awa biyar ne. A gidanmu waya ba ta kamawa sai a zaure, don haka duk Juma'a yayana, Hamma Bello, yakan zauna da Baffa a can su kira ni. Kiran farko, bayan doguwar gaisuwa, Baffa ya ce, "Mun yi la'asar. Ku fa?"

Na ce, "Baffa, mu ko azahar ba ta yi ba."

Ya ce, "Ashe kuna bayanmu. To ka ce wa mutanen su ɗaga ƙafa." Ya yi dariya, ya tambayi shanun, wa ke bin su. Na ce ba kowa, shinge ne ke tsare su. Ya ce saniyar da ba ta san muryar mai ita ba nama ce kawai, amma in koyo, tunda tasu ta ƙoshi tamu ba ta ƙoshi ba.

Cikin wata na huɗu Hamma Bello ya ce mini Baffa ba shi da lafiya. Ƙafafunsa sun kumbura, an kai shi asibiti a Batsari an dawo da shi gida. Na zauna da takarda na jera hanyar. Daga gona zuwa filin jirgi awa ɗaya. Zuwa Sao Paulo kusan biyu, sai jira. Zuwa Addis Ababa kusan goma sha biyu, sai jira. Zuwa Kano huɗu da 'yan kai. Mota zuwa Katsina, mota zuwa Batsari, babur zuwa Tsaskiya. Kuma jirgin ba kullum yake tashi ba. Kwana biyu in komai ya dace, uku in bai dace ba. In kuwa na tafi, babu dawowa. Duk da haka na aika cewa zan taso.

Washegari na iske saƙon murya. Muryar Baffa ce, ta yi ƙasa amma ba ta rawa.

"Mannir, na ji wai za ka taso. Kada ka taso. In ciwon tashi ne, za ka iske ni. In na tafiya ne, ko a Safana kake sai Allah ya so za ka riske ni. Tsaya ka gama abin da ya kai ka. Allah ya yi maka albarka."

Na saurare shi ya fi sau goma. Na kira Hamma Bello na ce, "Hamma, na ji, zan tsaya. Amma in ka ga jikin ya canza, ko ƙarfe nawa ne ka kira ni. Ko numfashinsa ne in ji."

Ya ce, "To."

Daga ranar da wayar a gefen kunnena nake kwana. Bayan kwana goma sha biyu, wata Laraba, na tashi na yi asuba, na ɗauki waya. Saƙo ne a rubuce daga Hamma Bello: Baffa ya rasu bayan sallar asuba, yanzu muka dawo daga kai shi, Allah ya ba mu haƙuri. A gida ƙarfe goma na safe ta wuce. Na duba ko an kira ban ji ba. Ba a kira ba.

Na kira shi muka yi wa juna ta'aziyya kamar yadda ake yi. Ban tambaye shi ba, shi ma bai ce komai ba. Amma na riƙe abin a raina. Abu ɗaya na roƙa, ya ce to, bai yi ba.

Ban san abin da zan yi da kaina ba, sai na sa kayan aiki na fita. Antoniyo ya dubi fuskata ya tsaya. Na faɗi kalmar uba da yarensu, wadda na koya, na kwantar da tafin hannuna, alamar ya rasu. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Can ya kama hannun rigata ya ja ni rumfar da ake tatsar 'yan shanun nono na gonar, ya sallami mai tatsar, ya sa mini bokiti a hannu. Na tsuguna, na jingina kai da cikin saniyar kamar yadda Baffa ya koya mini ina yaro, na fara tatsa. A nan kukan ya zo. Antoniyo ya tsaya a bakin rumfar ya ba ni baya, duk wanda ya nufo sai ya juya shi, har na cika bokitin.

Wata biyun da suka rage na yi su. Gaisuwar Juma'a da Hamma Bello ta koma minti ɗaya. Duk abin da nake son ji na gida, ta wajen Hajara nake ji.

Tsaskiya

A dawowa gabas muka fuskanta, rana ta faɗi da wuri, gari ya waye da wuri, ban kula da agogo ba. Na kwana ɗaya a Batsari, washegari na hau babur. Gero ya nuna, ana ta yanka a gefen hanya.

Hamma Bello ya raka ni makabarta, ya nuna mini wurin, muka yi addu'a, muka dawo. Na shiga ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Takabarta ba ta ƙare ba, tana zaune a kan buzun Baffa. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi abincinsu, ta ce na rame. Ta sa aka kawo mini fura, ta jira na sha.

Ta ce, "Na ga kai da Bello gaisuwarku ba gishiri."

Na ce, "Ba komai, Inna."

Ta ce, "Akwai. Zauna da kyau ka ji. Tun da ka tafi, Baffanku ya sa Bello ya koya mashi lissafin nan naku. Kullum in ya idar da salla sai ya lanƙwasa yatsu biyar, ya ce yanzu Mannir ya tashi, yanzu Mannir na wajen shanu. Ranar da jikin ya tsananta, Bello ya ɗauko waya zai kira ka, ina zaune. Baffanku ya riƙe mashi hannu, ya ce wane lokaci ne. Aka ce an yi kiran farko na sallar asuba. Ya lanƙwasa yatsunshi, ya ce can tsakar dare ne. Ya ce yaron nan ya wuni aiki, kuma shi kaɗai ne a ɗaki, in ya ji ba mai riƙe shi. A bar shi gari ya waye mashi, ya ji cikin mutane. Sai da Bello ya yi mashi alkawari sannan ya sake shi."

Na ce, "Mi ya hana Hamma ya faɗa mini?"

Ta ce, "Na ce ya faɗa. Ya ce gara ka riƙe shi, shi da ke da rai, da ka riƙe wanda ya tafi."

Na tashi na fita. La'asar ta yi sanyi, shanu sun dawo. Na iske Hamma Bello a bayan gida yana ɗaure maruƙa, wani ɗan maraƙi na ta fizgewa. Na tsaya a bayansa.

Na ce, "Hamma."

Ya ce, "Na'am."

Na ce, "Inna ta faɗa mini. Ka yafe mini."

Bai juyo ba. Ya ce, "Ban riƙe ka ba." Ya miƙo mini bakin igiyar ta bayansa. "Kama nan, wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

Na kama.